Ganyayyakin Maganin Ƙasar Sin da Garkuwar Jikin Kaji: Jagora ga Masu Kiwo a Fatakwal, Anacha da Inugu

Gabatarwa

Zaman Hausawa a biranen kudu maso gabashin Nijeriya ya daɗe ƙwarai. Fatauci da cinikin dabbobi su ne suka fara kai kakanninmu, har ta kai ga a shekarun 1950 wani ɗan kasuwar shanu daga lardin Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko. A ƙasar Ibo akan kira unguwannin nan Ama Hausa ko Ogbe Hausa. A cikinsu, da kuma kasuwannin da mutanenmu ke hada-hada, irin su Gariki da New Artisan a Inugu, Ose da bakin gada a Anacha, da Mile 1 da Mile 3 a Fatakwal, kaji na daga cikin abin da ke riƙe da gidaje masu yawa. Wasu dillalai ne masu sauke kajin gida da zabi daga Arewa. Wasu kuma, musamman mata da matasa, suna kiwon kajin nama ko na ƙwai hamsin zuwa ɗari biyu a bayan ɗaki.

Daga cikin tambayoyin da masu kiwo ke yi wa malaman gona akwai batun garin magani da ruwan magani na ƙasar Sin, waɗanda ake tallatawa da cewa na ganye ne zalla, kuma suna ƙarfafa garkuwar jikin kaji. Shin gaskiya ne? Shin za su iya maye gurbin allurar rigakafi? Amsar a taƙaice ita ce, wasu daga cikin waɗannan ganyayyaki suna da amfani wanda bincike ya nuna, amma amfanin na taimako ne kawai. Ba sa maye gurbin rigakafi, kuma ba sa gyara ɓarnar da ruɓaɓɓen abinci da jiƙaƙƙen ɗaki suka yi. Wannan maƙala za ta bayyana dalili, sannan ta nuna yadda mai kiwo zai amfana ba tare da ya yi asarar jarinsa ba.

Yadda garkuwar jikin kaza take aiki

Kaza na da wasu sassa a jikinta da ke ƙera mayaƙan da ke kare ta daga cuta. Mafi muhimmanci ga ɗan tsako ita ce wata 'yar jaka da ke saman dubura, wadda masana ke kira bursa. A cikinta ne ƙwayoyin jinin da ke samar da sinadaran kariya suke nuna. Akwai kuma wasu ƙulluttai a gefen wuya, da saifa, da bangon hanji. Ɗan tsako kan fito da ɗan guzurin kariya daga uwarsa ta cikin gwaiduwa, amma wannan guzuri yakan ƙare cikin mako biyu zuwa uku. Daga nan sai abin da jikinsa ya ƙera.

Aikin allurar rigakafi shi ne ta nuna wa jiki kamannin abokin gaba tun kafin ya iso. Bayan an yi ta, jiki na bukatar kimanin kwana 10 zuwa 14 kafin kariyar ta kankama. Ganyen magani, komai kyansa, ba ya koya wa jiki gane ƙwayar cutar Niyukasul ko Gumboro. Abin da zai iya yi shi ne ya taimaka wa jiki ya amsa rigakafin da kyau. Wannan bambanci shi ne tushen dukkan abin da zai biyo baya.

Abubuwan da ke karya garkuwar kaji a kudu

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A biranen nan uku, tsagar bangon takan zo ta hanyoyi huɗu.

Na farko, wahalar tafiya. Kazar da aka ɗora a mota daga kasuwannin Kano, Katsina ko Sakkwato takan yi ɗaruruwan kilomita a cunkushe cikin kwando, cikin zafi da ƙishirwa, galibi ba ci ba sha. Irin wannan wahala na sa jiki ya saki wani sinadari da ke danne aikin garkuwa. Ga shi kuma an haɗa kaji daga ƙauyuka daban-daban a kwando guda. Abin lura shi ne, lokacin da kasuwar kaji ta fi ci a kudu, wato gabanin Kirsimeti da sabuwar shekara, shi ne lokacin hunturu da cutar Niyukasul ta fi yin ɓarna a ƙauyukan Arewa.

Na biyu, laima. Ruwan saman da ke sauka a Fatakwal ya haura milimita 2,000 a shekara, alhali na Kano bai cika kai 1,000 ba. Masara da ƙuli-ƙuli da dusar da za su yi watanni lafiya a rumbun Arewa, a kudu sukan yi fumfuna cikin 'yan makonni. Fumfunar na fitar da gubar aflatokzin, wadda ke lalata hanta, ta kuma motsar da bursa. Kazar da ke cin irin wannan abinci, ko an yi mata rigakafi, ba lalle ya kama ba.

Na uku, jiƙaƙƙiyar shimfiɗa. Dusar katako idan ta jiƙe takan zama matattarar ƙwayoyin cutar kashin jini, wato koksidiyosis, wadda ke cinye bangon hanji. Zarnin da ke tashi daga ita kuma yana ƙona hanyar numfashi, ya buɗe ƙofa ga mura.

Na huɗu, cutar Gumboro. Takan kama 'yan tsaki masu mako uku zuwa shida, kuma kai tsaye bursa take nufa. Wanda ya tsira daga ita yakan tashi da raunin garkuwa.

Duk mai kiwon da bai toshe waɗannan kafofi ba, sayen maganin ƙarfafa garkuwa a wurinsa tamkar zuba ruwa ne a kwando.

Asalin al'amarin a ƙasar Sin

Ilmin maganin ganye a ƙasar Sin rubutacce ne tun ƙarnoni masu yawa. Babban kundin da likita Li Shizhen ya tsara, wanda aka buga a ƙarshen ƙarni na 16, ya ƙunshi bayanin magunguna 1,892. A shekarar 1608 kuma aka fitar da littafin 'yan'uwan nan biyu na gidan Yu kan jinyar dawaki, wanda likitocin dabbobi na gargajiya suka daɗe suna dogaro da shi. To amma yawaitar amfani da ganyayyakin a gonakin kaji na zamani yana da dalili na kusa.

Shekaru da dama manyan gonaki a duniya suna zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik, a abincin kaji domin su yi saurin girma. Sakamakon haka ƙwayoyin cuta suka riƙa bijire wa magungunan, har da waɗanda ake jinyar mutane da su. Tarayyar Turai ta haramta wannan ɗabi'a daga watan Janairun 2006. A 2015 masana suka gano a dabbobi da mutane a ƙasar Sin wani gadon bijirewa ga maganin kolistin, wanda likitoci ke ajiyewa sai ciwo ya gagari sauran magunguna. Ƙasar ta hana sanya shi a abincin dabbobi a 2017. Daga 1 ga Yulin 2020 kuma ta hana kamfanonin abincin dabbobi sanya magungunan ƙara girma baki ɗaya, amma ta keɓe magungunan ganye na gargajiya daga haramcin. Wannan ya sa kamfanoni suka karkata ga ganyayyaki, kayan kuma suka bazu zuwa kasuwannin ƙasashen waje.

Muhimman ganyayyakin da abin da bincike ya nuna

Huangqi. Wannan saiwa ce da za a ga an rubuta sunanta Astragalus a jikin leda ko kwalba, kuma ita ce aka fi yin bincike a kanta. Abin da ake tatsa daga cikinta wasu sinadarai ne dangin sitaci. A wani bincike da masanan Jami'ar Aikin Gona ta Nanjing suka wallafa a 2004, an gwada sinadaran ganyayyaki da dama a kan kajin da aka yi wa rigakafin Niyukasul, aka ga wasunsu, har da na huangqi, sun ƙara yawan sinadaran kariya a jini da hayayyafar fararen ƙwayoyin jini. A lura da kyau: kajin gwajin an yi musu rigakafi. Saiwar ta ƙara wa rigakafin ƙarfi ne.

Yupingfeng. Haɗi ne na saiwoyi uku, wato huangqi da baizhu da fangfeng, wanda aka sani tun ɗaruruwan shekaru a matsayin maganin mai yawan kamuwa da mura. A yau ana sarrafa shi domin kaji da sauran dabbobi.

Gancao, banlangen da jinyinhua. Gancao saiwa ce mai zaƙi da ake sanyawa a haɗe-haɗe da dama. Banlangen saiwa ce, jinyinhua kuwa fure, kuma akan yi amfani da su a kan zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Hujjar amfaninsu ga kaji ba ta kai ta huangqi ƙarfi ba.

Qinghao. Shi ne Artemisia annua, ganyen da Tu Youyou da abokan aikinta suka tatso sinadarin atemisinin daga cikinsa a farkon shekarun 1970, aikin da ya ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015, kuma shi ne ginshiƙin magungunan zazzaɓin cizon sauro na yau. A 1997 masu bincike a Amurka suka ciyar da 'yan tsaki busasshen ganyensa, kashi 5 cikin 100 na abinci. Ya rage raunin da nau'i guda na ƙwayar kashin jini ke yi wa hanji. Sai dai ganye ma yana da iyaka, idan aka wuce ta sai riba ta koma asara. Tazargaden da ake sayarwa a kasuwanninmu dangin wannan ganye ne, amma ba lalle ya zama shi ba ne, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Kada a ɗauki ma'aunin wannan a yi aiki da shi a kan wancan.

Changshan. Daga sinadarin wannan tsiro ne masana suka kwaikwayi maganin halofujinon, wanda aka daɗe ana sanyawa a abincin kaji domin hana kashin jini. Wannan misali ne na yadda ganye ke zama ingantaccen magani idan aka tace shi, aka auna shi, aka kuma gwada shi.

Wajibi ne a faɗi gaskiya game da iyakar waɗannan bincike. Mafi yawansu an yi su ne a ɗakunan gwaji masu tsafta, da abinci mai kyau, da sinadarin da aka san ƙarfinsa. Sakamakon kuma yakan bambanta daga gwaji zuwa gwaji, domin ƙarfin saiwa ya danganta da ƙasar da ta tsiro, da shekarunta, da yadda aka busar da ita. Bugu da ƙari, ƙaruwar sinadarin kariya a jini ba kullum take nufin raguwar mace-mace a gona ba.

Hattara da kasuwa

Masu kiwo a Anacha suna zaune ne kusa da kasuwar magunguna ta bakin gada, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. A can akwai nagari akwai mugu. Hukumar NAFDAC ta rufe kasuwar a 2007 zamanin Farfesa Dora Akunyili saboda jabun magunguna, ta kuma sake rufe ta na wani lokaci a 2025. Saboda haka kafin a sayi kowane maganin kaji da aka ce na ganye ne, a duba waɗannan:

1. Lambar rajistar NAFDAC, da ranar da aka yi shi, da ranar lalacewarsa.

2. Sunayen abubuwan da ke ciki da adadin kowanne, cikin rubutun da mai kiwo ko malamin gona zai iya karantawa. Ledar da rubutun Sinanci kawai ke jikinta, a bar ta.

3. Ma'aunin da za a bayar, da yawan kwanakin bayarwa, da kwanakin da za a jira kafin a yanka kazar ko a ci ƙwanta.

4. A guji garin da aka ƙulla a leda ba suna, komai arhar sa. Ana iya gauraya irinsa da antibayotik ba tare da an faɗa ba, mai kiwo ya ga kaji sun murmure ya ɗauka aikin ganye ne, alhali saura na maganin na shiga cikin naman da ƙwan da iyalinsa da abokan cinikinsa ke ci.

5. Duk maganin da aka ce yana warkar da kowace cuta, har da murar tsuntsaye, ƙarya ce ake yi.

Abin da muke da shi a gida

Citta da tafarnuwa suna cikin kundin magungunan Sin, kuma mu ma muna noma su: citta a Kachiya da kewayenta a kudancin Kaduna, tafarnuwa a fadamun Kano da Sakkwato. Motocin da ke kawo albasa da tumatir kudu su ne ke kawo su. Ga kuma zogale, da gangamau, da shuwaka wadda ke tsiro a bayan kusan kowane gida a ƙasar Ibo. An yi gwaje-gwaje da dama a jami'o'in Nijeriya a kan waɗannan. Ma'aunin da ya dace a fara da shi shi ne:

Garin tafarnuwa ko na citta: giram 125 zuwa 250 a buhun abinci mai kilo 25, wato rabin kashi zuwa kashi 1 cikin 100.

Garin ganyen zogale: rabin kilo zuwa kilo 1 a buhu mai kilo 25. Ga kajin nama kada ya wuce kashi 5 cikin 100, domin yawansa na rage musu cin abinci. Ga kajin ƙwai yana ƙara wa gwaiduwa launi.

A shanya ganyen a inuwa mai iska har ya bushe ƙarau, a daka, a tankaɗe, a adana a mazubi mai murfi. A yanayin kudu kada a ajiye fiye da abin da za a ƙarar cikin wata guda. Ganyen da ya yi fumfuna guba ne. Masu ɗaci sosai kamar darbejiya da ɓawon maɗaci, waɗanda iyayenmu kan jiƙa wa kaji a ruwan sha, suna sa kaza ta ƙi shan ruwa idan suka yi yawa, kuma rashin shan ruwa a lokacin zafi ya fi cutar da ake gudu saurin kisa.

Shawara ga dillalai

Kazar da za a sayar cikin kwana biyu ko uku ba ta da lokacin da ganye ko rigakafi zai yi mata aiki. Abin da take bukata da zarar an sauke ta shi ne inuwa, da ruwa mai sanyi da aka ɗan zuba wa sukari ko garin bitamin na kaji, da sarari, sannan abinci bayan ta huta. A ware marasa lafiya nan take. Kada a haɗa ragowar kajin makon jiya da sababbi, kuma kada a haɗa agwagi da kaji a keji guda, domin agwagwa na iya ɗauke da murar tsuntsaye ba tare da ta nuna alama ba. A wanke kwanduna da kejuna da sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a mayar da su mota. Mafi muhimmanci, dillalin da ke da kiwo a gida kada ya kai ragowar kajin kasuwa cikin na gidansa, kada kuma ya shiga ɗakin kajinsa da takalmin kasuwa.

Shawara ga masu kiwo a gida

1. A fara da rigakafi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa rigakafin Niyukasul, Gumboro da ƙyandar kaji. Ga kajin gida akwai nau'in I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido duk bayan wata uku zuwa huɗu. Ga kajin gidan gona a bi jadawalin da likitan dabbobi na yankin ya tsara.

2. Ranar da za a ba da rigakafi ta ruwan sha, a ba da shi cikin ruwa zalla, wanda ba ganye, ba magani, ba sinadarin kulorin na ruwan famfo, kuma kaji su shanye cikin awa biyu. A dakatar da jiƙon ganye kwana guda kafin ranar da kwana guda bayanta, domin yana iya kashe ƙwayar rigakafin tun a cikin mazubi. Garin da ke cikin abinci ana iya ci gaba da shi.

3. A ɗora buhunan abinci a kan katako nesa da bango. A damina kada a sayi abin da ya wuce na mako biyu. Abincin da ya dunƙule ko ya canza wari, a zubar.

4. Shimfiɗar dusar katako ta kai kaurin santimita 5 zuwa 10, a riƙa juya ta, a kwashe wadda ta jiƙe a gindin mazubin ruwa. Manyan kajin nama kada su wuce 10 a murabba'in mita guda.

5. Sabuwar kaza ta yi aƙalla mako biyu a keɓe kafin ta shiga cikin sauran.

6. Bayan an cika waɗannan ne za a ƙara ganye, na Sin mai rajista ko na gida, a lokutan da garkuwa ta fi rauni: makonnin farko na 'yan tsaki, kwanakin da ke kewaye da rigakafi, bayan sauya ɗaki, da farkon damina.

Gani ya kori ji: gwaji a gonarka

Babban abin koyi daga Sinawa a wannan fanni shi ne aunawa da rubutawa. Malamin gona na iya taimaka wa mai kiwo ya yi gwaji mai sauƙi. A raba 'yan tsaki 100 na ƙyanƙyasa guda gida biyu, hamsin-hamsin, ba tare da zaɓen manya a gefe guda ba. Abinci ɗaya, ruwa ɗaya, rigakafi ɗaya, bambancin kawai shi ne rukuni guda na samun ganyen. Kowane mako a ɗora kaji goma daga kowane rukuni a sikeli, a rubuta nauyinsu, da buhunan da suka ci, da adadin da suka mutu. Ranar sayarwa a cire kuɗin ganyen daga cinikin rukunin da ya ci shi. Idan ribar ba ta fi ta ɗaya rukunin ba, to a wannan gona ganyen bai biya kuɗinsa ba. Yana da kyau a maimaita gwajin sau biyu, rani da damina, kuma masu kiwo uku ko huɗu na unguwa guda su yi shi tare su kwatanta littattafansu.

Lokacin da ganye ba shi da wurin zama

A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye mai tsanani a wata gona kusa da Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. A farkon 2007 ta kashe wata mata a Legas. Ta sake dawowa a Janairun 2015 ta Kano da Legas, kuma Jihar Ribas na cikin jihohin farko da ta shafa. Kasuwannin kaji masu rai na daga cikin manyan hanyoyin da take bi. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, da kumburin kai, da tukku ya koma shuɗi, da jini a ƙarƙashin fatar ƙafa, kada a tsaya jiƙa ganye. Kada a yanka, kada a sayar, kada a bar yara su taɓa. A sanar da ofishin likitan dabbobi na jiha ko malamin gona mafi kusa, a kuma shaida wa Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa domin a tsayar da shige da fice. Ɓoye irin wannan mutuwa don gudun asara yana jawo asarar unguwa baki ɗaya.

Kammalawa

Ganyayyakin maganin ƙasar Sin, musamman huangqi, suna iya taimaka wa kazar da aka yi wa rigakafi, take cin abinci mai kyau, take kwana a busasshen wuri. Haka ma citta, tafarnuwa da zogale, waɗanda suka fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi. Idan jarin mai kiwo kaɗan ne, ya fara kashe shi a kan rigakafi, sai abinci marar fumfuna, sai busasshiyar shimfiɗa. Abin da ya rage shi ne na ganye. Ana kira ga malaman gona na hukumomin raya aikin gona na jihohin Ribas, Anambara da Inugu su riƙa shiga unguwannin Hausawa da kasuwannin kaji, su nemi haɗin kan shugabannin al'umma, su tabbatar bayanin nan ya kai ga matan da ke kiwo a cikin gida, domin a hannunsu yawancin 'yan tsakin suke tashi. Allah ya sa albarka a kiwonmu.